Ruwan Tekun Inna

Na Rauda 'yar Nangere

Shafi na 23

Da sunan Allah nake farawa. Masu kirana tun ban karya kumallo ba, na ji ku. Wata har cewa ta yi in na bari wani abu ya sami Almustapha sai ta biyo ni gida. To ki zo, ƙofarmu a buɗe take, amma ki taho da ƙosai.

Sabbin shigowa kuma da ke ta tambayar wai me ya faru, ga shi sau ɗaya, kar a sake tambayata. Almustapha tela ne a nan Potiskum. Tun ranar da aka kai masa Fanne ya yi mata alkawarin sai ya kai ta ta ga teku da idonta, amma sai da suka shekara goma sannan tafiyar ta yiwu. Suka tsara Kano, Ilorin, Abeokuta, sai su ƙare a bakin ruwa a Badagry. Kano sun je, Ilorin sun je. A Abeokuta, suna tsakiyar hawa Dutsen Olumo, ya yanke jiki ya faɗi. Kwana tara suka yi a asibiti, likita ya ce ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki. Teku dai ba su gan shi ba. Jiya suka dawo, kuma kowa a gari ya ɗauka daga shaƙatawa suke.

*

"Ƙara gishirin."

Fanne ta ɗago ta kalle shi. Gorar ruwa ce babba a hannunta, ta riga ta zuba cokali uku.

"Abban Sadiya, don girman Allah mu bar wannan abin."

"Ki ƙara na ce. An ce har ɗaci yake yi saboda gishiri."

Ta ƙara cokali ɗaya, rabi ya zube a tabarma. Ya karɓi gorar ya girgiza, ya ɗaga ta saitin taga yana kallo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki.

"Wannan ai ruwan famfo ne sak. Ko Sadiya ba za ta yarda daga teku yake ba, balle Inna."

"To ya zan yi masa?"

"Ba kya gani a talabijin? Shuɗi ne. Ina bular da kike sa wa fararen kayana?"

Na san wasunku sun fara dariya. Ku yi a hankali. Mutanen da babban ruwan da suka taɓa gani shi ne gulbin Gadaka in ya kawo da damina, me kuke so su sani? Kuma mahaifiyarsa, Inna Hajaratu, ba ta roƙi atamfa ba, ba ta roƙi turare ba. Ranar da suka je yi mata sallama abu ɗaya ta ce: a ɗebo mata ruwan teku, an ce yana maganin ciwon gwiwa.

Fanne ta ɗauko bular ta ɗan barbaɗa da bakin tsinke. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi.

"Yauwa," in ji shi, har da murmushi. "Kin ga teku."

Nan ta kasa daurewa. Ta ajiye gorar ta durƙusa a gabansa.

"Gobe Alhamis."

"Na sani."

"Gobe ne wankin ƙodar. Me za ka ce wa su Inna?"

"Zan ce na tafi Damaturu kai ɗinki."

"Ranar Litinin fa?"

"In ce na tafi karɓo wani."

"Har yaushe? Wata ɗaya? Shekara? Abban Sadiya, a gabanka likitan nan ya yi magana. Ya ce wankin jinkiri ne kawai, dashe ne maganin. An gwada ni, jinina bai dace da naka ba. Wallahi da ya dace da tuni an yanka ni, ko shawara ba zan yi da kowa ba. Ya ce a nemo wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya. Wa ya rage maka in ba Yaya Babaji ba?"

"Kar ki ƙara kawo min sunansa a maganar nan."

"Sai na kawo!"

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya haka ba. Ya jingina da bango, numfashinsa na fita sama-sama.

"Fanne, kina nan aka fita da gawar Yaya Abdulsalam, kuma wannan ciwon ne ya kashe shi. Kin ga yadda hawan jini ya kwantar da Inna wata biyu. Ni zan je in ce mata ga na biyu? Shi kuma Yaya Babaji, yara bakwai, da ƙugunsa yake nema musu abinci a kan tirela. In sa a tsaga masa ciki saboda ni?"

"Ni da Sadiya fa? Mu ba mutane ba ne?"

Ya kawar da kai.

"Kin rantse min a gadon asibiti. Kin ce wallahi ba za ki faɗa wa kowa ba."

"Na rantse ne saboda ka ce in ban rantse ba sai ka cizge robar wankin."

"Rantsuwa dai rantsuwa ce. Tashi ki ɗaura min abin nan, rana tana yi."

Ta tashi. A gefen wuyansa na dama akwai robobi biyu da likitoci suka sa don wankin, an manne su da filasta. Ta ɗauko ƙyallen rinin Yarabawa da suka saya a kasuwar Itoku ta Abeokuta kwana ɗaya kafin ya faɗi, ranar da yake ta yi mata ciniki da hannu saboda ba ya jin yaren, tana ta dariya har da riƙe ciki. Ta naɗa masa a wuya kamar hirami, ta gyara har filastar ta ɓuya. Hawayenta ya ɗiga a kafaɗarsa, ya yi kamar bai ji ba.

*

A gindin darbejiyar tsakar gida suka sami Inna, ta miƙe ƙafafu a tabarma tana jan carbi.

"Lale da 'yan yawon duniya! Auta, haka ka rame? Ko ba a cin abinci ne a can?"

"Abincinsu yaji, Inna."

"Ai na faɗa maka. Ke kuma 'yar nan, zo kusa in gan ki. Ke ma kin faɗa. Wannan wace irin shaƙatawa ce?"

Fanne ta gaishe ta ta fara fito da tsaraba don ta samu abin yi da hannunta. Turmin rinin Itoku guda biyu. Zane mai shuni daga marinar Ƙofar Mata. 'Yar jakar fata da turaren wuta daga kasuwar Kurmi. Inna tana ɗagawa tana sa albarka, tana shinshina turaren.

"Ku bar wannan dai. Ku ba ni labarin ruwan."

Ta juyo wajen Fanne.

"Da gaske ne ba a hango ƙarshensa?"

"Ba a hangowa, Inna."

"Ikon Allah! Kin sa ƙafa a ciki?"

Ta saci kallon mijinta. Idonsa na ƙasa.

"Na sa."

"Da sanyi?"

"Da sanyi, Inna."

"Ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji." Muryarta ta karye. "Ban taɓa jin tsoro a rayuwata irin na can ba."

Wannan kam gaskiya ta faɗa. Inna ta yi dariya ta dafa mata kai.

"Ji min yarinya, har yanzu kuka take. Allah ya yi maka albarka, Auta, ka cika alkawari. Yaron nan da ya riga mu ma ya sha cewa zai kai ni, Allah bai nufa ba."

Yaron nan, wato Abdulsalam. Ɗanta na fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Shekara arba'in da uku ya yi a duniya ba ta taɓa kama sunansa ba ko da wasa. Ranar da ya rasu ma, da aka zo faɗa mata, abin da ta ce kawai shi ne, "Yaron nan ya huta." Shekara huɗu ke nan, har yau bai wuce yaron nan a bakinta ba.

Sallama aka yi daga zaure da wata murya mai kauri.

"Ga ɗan halak," in ji Inna. "Shigo, Babaji, ga ƙannenka sun dawo."

Fanne ta ji kamar ta tashi ta gudu. Duk lissafinsu Yaya Babaji yana kan hanya, sai Juma'a zai iso. Shekara ashirin da biyu yana jan tirelar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Legas. Ku da kuke garin nan kun sani, ba a yi wa ɗan Potiskum ƙaryar hanyar kudu, kowane gida akwai direba.

Ya shigo a hankali, yana jan ƙafa. Dogon mutum, farar jallabiya, takalmi sau-ciki da safa a wannan zafin na bazara. Ya gaida Inna ya zauna a kujerar roba yana haki.

"Kai kuma kullum ƙara kumatu kake," in ji Inna. "Ɗaya ya je kudu ya rame, ɗaya ya je ya yi ƙiba. Kuma mene ne na safa kamar mai zuwa ofis?"

"Sanyin ƙarfen mota ne, Inna." Ya juya. "Auta, sannunku da hanya. Fanne, an sha yawo."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Na kira wayarka ya fi sau ashirin. Ina Legas ranar da kuka ce za ku shigo, na so in tare ku in kai ku da kaina."

"Wayar ce ta faɗa ruwa, Yaya."

"Wane ruwan?"

"Tekun."

"Ayya. Hotunan fa?"

"Duk suna ciki."

"Ayya," ya sake cewa. Idonsa bai bar fuskar ƙaninsa ba.

"Ku bar zancen waya," in ji Inna. "Ina saƙona? Ko kun manta?"

Almustapha ya zaro gorar daga leda ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa kamar an ba ta jariri. Ta ɗaga ta sama, hasken rana ya ratsa shuɗin.

"Tubarkalla! Kun ga launi? Yadda ake nunawa sak." Ta murɗe murfin. "An ce in an kurɓi kaɗan ma yana wanke ciki. Bismillahi..."

"Inna kar ki sha!"

Ihun ya fita kafin Fanne ta san ta yi shi. Har kajin da ke kiwo a gefe suka watse. Inna ta tsaya da gora a bakin leɓe.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Gishirin... hawan jininki, Inna."

"Kawo in gani," in ji Babaji.

Ya karɓa. Ya kalla. Ya girgiza ya sake kalla. Ya ɗiga kaɗan a tafin hannu ya lasa. Sannan ya ɗiga a hannun farar jallabiyarsa ya murza da yatsa, wurin ya yi shuɗi. Fanne tana ganin lokacin da muƙamuƙinsa ya motsa. Ta sadda kai tana jiran abin da zai biyo baya.

"Gaskiyarta, Inna," ya ce a hankali. "Wannan mai ƙarfi ne. Shafawa kawai ake yi, ba a sha."

"To, ai kai ka san ruwan. Bari in shiga ɗaki in shafa tun da sauran albarkarsa."

Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta shige rungume da gorarta. Labule na sauka Babaji ya tashi.

"Auta, zaure. Fanne, ke ma."

*

Ya tura ƙyauren waje ya saka sakata. Ya juyo ya nuna musu hannun rigarsa.

"Bula."

Ya kalli ƙaninsa.

"Bula, Auta? Uwarmu za ka ba wa bula?"

"Yaya, gorar farko ce ta fashe a mota, shi ne muka..."

"Rufe min baki! Na yi wanka a teku ya fi sau ɗari. In ka ɗebo shi a gora fari ne tas, kamar na rijiyar gidan nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa minti ɗaya ya san haka. Ƙafarku ba ta taka Badagry ba."

"Mun je."

"To me ke hannun hagunka in ka sauka a tasha? Da me kuka tsallaka zuwa bakin tekun?"

Almustapha ya sunkuyar da kai.

"Kwana tara wayarka a kashe. Ina kuka shiga? Sace ku aka yi kuka ɓoye? 'Yan sanda ne? Wani ka kaɗe? Ka faɗa min, ko mene ne na ga wanda ya fi shi a hanya."

"Ba komai, Yaya. Kuɗi ne suka ƙare muka juyo, kunya ta hana mu faɗa."

"Ƙarya kake. Tun kana yawo ba wando in za ka yi ƙarya sai ka kalli babban yatsan ƙafarka. Ga shi kana kallo." Ya juya. "Fanne."

"Na'am, Yaya."

"Ke ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Me ya faru?"

"Fanne," in ji Almustapha. Sunan kawai ya kira, amma ta gane.

Ta zube a ƙasa gwiwa biyu.

"Yaya, ya sa na rantse."

"A kan me?"

"Ba zan iya ba. Wayyo Allah, ba zan iya ba."

Bakinta ya ƙi, amma ido ba ya jin rantsuwa. Sau ɗaya ta ɗago, kuma ba fuskar mijinta ta kalla ba, wuyansa ta kalla. Babaji ya bi idonta.

"Wannan ƙyallen na mene ne?"

"Ado ne, Yaya. Haka suke yi a can."

"A wannan zafin?"

"Yaya, don Allah..."

Almustapha ya ja baya har ya bugi bango. Da can da ƙarfinsa, da ya zille. Yanzu ko hannu bai iya ɗagawa da sauri ba. Babaji ya kama bakin ƙyallen ya warware, zagaye ɗaya, zagaye biyu. Ƙyallen ya faɗi ƙasa.

Filasta. Robobi biyu, ɗaya mai jan murfi, ɗaya mai shuɗi.

Ba sai an yi wa Babaji bayani ba. Wata takwas ya yi yana jinyar Abdulsalam, shi yake goge masa gefen irin wannan robar da auduga, shi yake ɗaukarsa a baya zuwa mota.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya sake faɗa. Ya sake. "Tun yaushe?"

Almustapha ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

"Zan yi kaffara," in ji Fanne. "Azumi uku ne, zan yi. Ko talatin ne zan yi. Yaya, a kan dutse ya faɗi a Abeokuta, a gabana, ina riƙe da jakarsa. Ban san kowa ba, ba na jin yarensu, wasu mata masu sayar da lemo ne suka taya ni ɗaukarsa. Kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Likita ya ce duka biyun sun tafi. Sau uku aka yi masa wanki kafin su sallame mu, gobe ma sai an yi."

"Fanne, ya isa."

"Bai isa ba! Shekara goma ina bin maganarka, yau ɗaya ka bar ni." Ta matsa da gwiwoyinta har gaban Babaji. "Sun ce dashe ne kawai. Na ba su hannuna suka ɗebi jini, suka ce bai dace ba. Na ce su sake gwadawa, suka sake, bai dace ba. Suka ce ɗan'uwa na jini. Yaya, ni ban san yadda ake roƙon irin wannan abin ba. Na san ba riga ba ce, ba kuɗi ba ne. Na san kana da iyali. Amma ba ni da wani wurin zuwa. Sadiya shekararta shida. Jiya da muka dawo cewa ta yi Abba ya ɗaga ta sama, ya kasa, ya ce mata hannunsa ne ke ciwo."

"Ban aike ta ba, Yaya," in ji Almustapha cikin kuka. "Wallahi ban aike ta ba. Ba na so. Ko ka bayar ba zan karɓa ba."

"An ce mutum yana rayuwa da guda ɗaya," ta ci gaba kamar ba ta ji shi ba. "Likitan ya ce har tuƙi za ka koma bayan 'yan watanni. Ni zan yi jinyarku ku biyun. Zan sayar da keken ɗinkin, zan sayar da gadona. Ka je a gwada kawai, Yaya. Gwaji kawai. In bai dace ba na haƙura, na san Allah ne bai yi ba."

Babaji ya sake kallon wuyan ƙaninsa.

Wallahi ni da nake rubutawa na so ya yi faɗa. Na so ya zage su, ya ce don me aka ɓoye masa. Da ya fi sauƙi. Amma tsayawa ya yi yana kallon robar nan, sannan ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji ko kaɗan.

"Gwaji," ya ce.

Ya ja jiki ya zauna a dakalin zauren. Ya sunkuya da ƙyar ya cire takalmin dama. Sai da ya yi ta fama kafin ya fita. Ya naɗe ƙafar wando, ya tuɓe safar.

Fanne ta toshe bakinta da hannu.

Ƙafar ta kumbura tun daga yatsu har ƙwauri, fatar tana ƙyalli, ba a ko ganin idon sawu. Ya sa babban yatsansa ya danna, ya ƙirga a hankali, ya ɗauke. Ramin ya zauna. Suna kallo, ramin bai taso ba.

"Wata biyar," ya ce.

"Yaya..." Almustapha ya rarrafo. "A'a. A'a, Yaya."

"A Legas na je asibiti, don kar wani ɗan garin nan ya gan ni. Sun ce saura kaɗan ni ma a sa min irin taka. Ko matata ba ta sani ba, ce mata na yi zaman mota ne." Ya goge fuska da hannun rigar, shuɗin bular ya shafu a kumatunsa. "Kin ce in je a gwada, Fanne. An gwada. Ba ni da abin da zan ba shi."

Fanne ta ƙura wa ƙafar ido. Kwana goma sha ɗaya, tun daga gadon asibitin Abeokuta har cikin motar da ta dawo da su, sunan mutumin nan take riƙe da shi a zuciya. In ta ji za ta haukace sai ta ce akwai Yaya Babaji. Yanzu ga Yaya Babaji a zaune da ƙafa ɗaya a waje.

"Ka san abin da ke sa ni barci a hanya, Auta?" Muryarsa ta dishe. "Nakan ce ba komai, ko na tafi Auta yana nan. Ba ya shan wahalar hanya, yana zaune a inuwa da kekensa, zai daɗe. Zai riƙe Inna, zai riƙe min yara. Shi ya sa na yi ta murna da tafiyar nan taku. Na ce gara ya huta yanzu, kaya na nan zuwa kansa."

"Ni ma kai na bar wa su," in ji Almustapha. "A raina kai na bar wa Sadiya."

Suka kalli juna. Babaji ya miƙa hannu ya jawo kan ƙaninsa ya haɗa da ƙirjinsa, yana kaffa-kaffa da robar. Manyan maza biyu suna kuka ba sauti, don kar a ji a cikin gida.

"Inna ba za ta sani ba," in ji Babaji. "Kun ji ni? Ɗauko ƙyallen nan, Fanne, maza ki mayar masa. Gobe ni zan kai shi Damaturu, mu ce..."

"Kai, Babaji! Auta! Ku zo ku ga abin dariya!"

Muryar tana daf da ƙofar cikin gida. Ga ƙarar sandarta, ga takunta.

Fanne ta wawuri ƙyallen, ya harɗe a hannunta. Babaji ya lalubi safa, ta faɗa bayan dakali.

"Wannan teku naku rini ne da shi! Ku ga gwiwoyina, sai ka ce an tsoma ni a marina..."

Labulen ya ɗaga.

Inna ce, tana dariya, hannu ɗaya riƙe da gora, ɗayan ya ɗan ɗage zane, gwiwoyinta biyu sun yi shuɗi. Dariyar ba ta tsaya nan take ba, sai da ta ɗan ci gaba ita kaɗai.

Ta kalli wuyan Auta.

Ta kalli ƙafar Babaji, da ramin da har yanzu bai cike ba.

Ta san robar. Ta san ƙafar. A ɗakinta aka yi jinyar mai su.

Gorar ta suɓuce ta faɗi, ruwan ya malale a ƙasan zauren har ƙarƙashin gwiwoyin Fanne.

"Inna," in ji Babaji. "Inna, tsaya ki ji..."

Ba shi take kallo ba. Ta dafa bango, ta buɗe baki, a hankali ta kira sunan da ko ranar haihuwarsa, ko ranar mutuwarsa, ba a taɓa ji a bakinta ba.

"Abdulsalam."